Furen Daliya: Baƙo Daga Tsaunukan Meksiko

Idan damina ta tafi, gero ya shiga rumbu, gefen gonaki a wajen Ruwan Bore da Tsafe da Bungudu yakan yi ja wur da zoɓo, wanda Hausawan yamma ke kira soɓorodo. A Turai kuwa, furen da ke ƙawata lambu a daidai wannan lokaci na kaka shi ne daliya. Yakan yi ta fure har ranar da jaura ta ƙone masa ganye.

Asalinsa tsaunukan Meksiko ne. Mutanen Aztek sun san shi tun kafin Turawa su isa ƙasarsu, har sukan ci saiwarsa. A 1789 aka aika irinsa zuwa Madrid, inda masanin tsirrai Antonio José Cavanilles ya raɗa masa suna don girmama wani masani ɗan Suwidin, Anders Dahl. A 1963 Meksiko ta mai da shi furen ƙasa. Yau ana samunsa ja da fari da rawaya da shunayya, wani ƙarami, wani faɗinsa kamar faifai. Shuɗi ne kaɗai ya gagari masu haɗa iri.

Saiwarsa kamar dankali take, amma a nan masu koyo suka fi yin asara. Idon da ke tsiro yana wuyanta, inda ta haɗu da tsohon kara. Saiwar da aka ɓalle ba ido, komai girmanta, sai dai ta ruɓe a ƙasa. Ana binne ta zurfin kamar santimita 10 zuwa 15, cikin jigawa mai ruɓaɓɓen taki, inda ruwa ba ya kwanciya. Karansa yana da rami a ciki, iska kan karya shi, don haka a kafa masa sanda tun yana ƙarami. A tsinke kan tsiron domin ya yi rassa, a riƙa cire furen da ya yanƙwane.

Zafi ne abokin gabansa. Jos da Mambila sun fi dacewa da shi. A Zamfara, inda bazara kan haura digiri 40, shawarata ita ce a shuka shi cikin tukunya ƙarshen damina, a kare shi daga ranar azahar, ya yi fure da hunturu, kamar yadda ake yi a filayen Indiya.

Zoɓon namu kuma, Meksiko na cikin manyan masu sayensa daga Nijeriya.