Tsofaffin Majami'un Akra: Zagaye Daga Abossey Okai Zuwa Osu

Tsofaffin majami'un birnin Akra ba su da nisa da juna, wanda ya taso daga Abossey Okai da safe zai iya zaga su kafin la'asar. Ba su kai na Turai tsufa ba. A Kyiv, babban birnin Yukiren, cocin Saint Sophia yana tsaye tun ƙarni na 11.  Na Akra kuwa na ƙarshen ƙarni na 19 ne da kuma na 20. Duk da haka kowannensu yana ɗauke da wani ɓangare na tarihin garin, kuma abin takaici ne mutum ya shekara yana wuce su a cikin torotoro bai san ko wa ya gina su ba.

Daga kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai, hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta Kwame Nkrumah Circle a shiga Adabraka. Nan ne cocin Holy Spirit yake, mazaunin babban limamin Katolika na Akra. An buɗe shi a 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, a zamanin Bishop Joseph Bowers, baƙar fata ɗan tsibirin Dominica. Ginin zamani ne mai doguwar hasumiya da ake hange daga nesa.

Daga nan sai a gangara High Street, kusa da teku, inda cocin Holy Trinity na ɗariƙar Angalika yake. An kammala shi a 1894, shekara 17 bayan Turawan Ingila sun ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ba da kuɗin ginin, kuma da fari ma'aikatanta Turawa ne suka fi cika shi. Wanda ya zana shi, Aston Webb, shi ne daga baya ya sake fuskar fadar Buckingham a Landan. A 1909 aka ɗaga darajarsa ya zama mazaunin bishop. Ganuwarsa kakkaura ce, hasumiyar ƙararrawarsa gajera mai kusurwa huɗu, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani sansanin soja ne irin su Ussher Fort da James Fort da ke gaba kaɗan. A ciki kuwa akwai sanyi da shiru, duk da hayaniyar motoci a bakin ƙofa.

Labarin da ya fi taɓa zuciya yana Osu. A 1828 'yan mishan huɗu na ƙungiyar Basel suka sauka a Christiansborg, wato Osu. Cikin shekara uku zazzaɓi ya kashe su duka. Cikin rukuni na biyu da ya iso a 1832, Andreas Riis kaɗai ya tsira, shi ma da taimakon wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasa. Da ƙungiyar ta ga Turawa ba sa jure wa ƙasar, sai ta ɗauko Kiristoci baƙar fata daga Jamaika a 1843, zuriyar waɗanda aka kwashe a matsayin bayi, suka zo suka kafa makarantu. Makarantar Salem ta Osu a shekarar aka buɗe ta. Cocin Ebenezer na ɗariƙar Firesbiteriyan, wanda aka kammala a 1902 da dutse, shi ne gadon wannan wahala. Daga cikin mutanen wannan mishan ne Johannes Zimmermann ya fassara Baibul zuwa harshen Ga, aikin da ya taimaka wajen daidaita rubutun harshen.

Ziyara tana da ladubbanta. Ranakun aiki sun fi dacewa, domin Lahadi ranar ibada ce, Asabar kuma ta ɗaurin aure da jana'iza, inda harabar coci kan cika da masu makoki sanye da baƙi da ja. Ba a cire takalmi kamar a masallaci, amma ana sa tufafin mutunci, a sassauta murya, a nemi izinin mai gadi ko ofishin coci kafin a ɗauki hoto. Wurin da limami ke tsayawa a gaba ba na baƙo ba ne. Wanda ya zo tsakanin Mayu da Yuni zai tarar da garin ya yi tsit, saboda sarakunan gargajiyar Ga kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, dokar kuma ta shafi majami'u.

Wasu mazauna zango kan yi ɗari-ɗari da taka harabar coci, ko da don ganin tarihi ne. A Afirilun 2019, Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ke riƙe da muƙamin tun 1993, ya kai ziyarar zumunci cocin Katolika na Christ the King a ranar Ista, ana saura kwanaki ya cika shekara 100. An yi ta muhawara a kai, amma mutane da yawa, Musulmi da Kirista, sun ɗauke ta a matsayin kyakkyawar maƙwabtaka.

Mai komawa gida ta Kanda zai ratsa gaban Masallacin Ƙasa, wanda wata gidauniyar Turkiyya ta gina bisa salon Daular Usmaniyya, da hasumiya huɗu, aka buɗe shi a Yulin 2021. Yana daf da Nima, kuma Kiristoci da baƙi 'yan yawon buɗe ido sukan je kallonsa a wajen lokutan salla.