Harshe ɗaya, shari'a biyu

Maraɗi da Katsina harshensu ɗaya, fatauci da auratayya kuma ba su yankewa tsakaninsu. Amma duk wanda ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya, ya sani ya shiga ƙarƙashin wata shari'a dabam.

Dalilin yana cikin tarihi. Nijar ta gaji tsarin Faransa, Nijeriya ta gaji na Ingila. A Faransa, tun shekara ta 1804, zamanin Napoleyon, aka tattara dokokin zaman jama'a cikin kundi guda. Alƙali kundi yake dubawa ya yanke hukunci. A Ingila kuwa, hukuncin da manyan alƙalai suka yanke a baya shi ma doka ne, dole ƙaramar kotu ta bi shi.

Bambancin yana fitowa fili idan an yi babban laifi. A Nijar akwai alƙali mai bincike. Shi ke sauraron wanda ake tuhuma da shaidu, ya nemo abin da ke kama shi da abin da ke wanke shi, kafin a shiga zauren shari'a. A Nijeriya babu irin wannan alƙali. Ƴan sanda ke bincike, sa'an nan lauyoyin ɓangarori biyu su kara, alƙali yana tsakani.

Game da aure, saki, gado da gonaki, dokar 16 ga watan Maris 1962 ta umurci alƙalin Nijar ya yi aiki da al'adar masu ƙara, tare da mashawarta da suka san al'adar. Dokokin 2004 da 2018 sun riƙe wannan. Sarakuna suna sulhu, amma hukunci na alƙali ne. A arewacin Nijeriya, kotunan shari'ar Musulunci ke duba aure da gadon Musulmi, kuma daga shekara ta 2000, Zamfara na gaba, jihohi 12, har da Katsina, suka ba su ikon hukunta laifuffuka. A Nijar kundin laifuffuka guda ne, ya hau kan kowa.

Saboda haka, ɗan kasuwa mai ba da bashi ƙetaren iyaka ya rubuta takarda gaban shaidu. Ya kuma sani hukuncin da aka yanke a Maraɗi ba ya aiki a Katsina sai kotun can ta amince da shi. A yi tambaya tun ba a ƙulla ciniki ba, gama matambayi ba ya ɓata.