Hula da kallabi a majami'ar Katolika

Ɗan kasuwar Magarya ko ma'aikacin Dungas da abokin aiki Kirista ya gayyata ɗaurin aure a majami'ar Katolika ta Damagaram, tun daga bakin ƙofa yakan tsaya yana shawara: ya tuɓe takalma ko ya tuɓe hula? Al'adar nan ta saɓa wa ta masallaci. Takalma suna zama a ƙafa, hula ce ke sauka, mata kuwa da kallabinsu.

Abin yana da asali. Dokar Ikilisiya ta 1917 ta umurci mata su rufe kai, maza su buɗe nasu, sai fa inda al'adar ƙasa ta tanadi akasin haka. Sabuwar dokar 1983 ba ta maimaita umurnin ba, amma kallabi bai gushe ba, domin a ƙasar Hausa suturar mutunci ce tun kaka da kakanni.

Cikin ibada ana miƙewa don jin Linjila, a zauna don wa'azi, a durƙusa lokacin tsarkake gurasa. Baƙo Musulmi ba a tilasta masa durƙuso. Ya zauna cikin natsuwa, ya sauke haƙƙin zumunci, addininsa kuma yana nan yadda yake.