Linzamin Dokin Ƙarfe: Gyaran Birkin Tsohon Babur

Babur dokin ƙarfe ne, birki kuwa shi ne linzaminsa. Duk mahayin da ya bar linzami ya ruɓe, to, ya sayar da ransa da araha, har da na wanda ya goya.

Galibin tsofaffin babura, irin su Honda Super Cub wanda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1958, birkinsu na kwano ne. Birkin faifai bai yaɗu ba sai bayan fitowar Honda CB750 a 1969. A cikin kwanon da ke tsakiyar ƙafa akwai takalma biyu masu kamar jinjirin wata. Idan aka matsa birki, waya ko sanda ta ja wani ɗan hannu, shi kuma ya juya guntun ƙarfen da ke buɗa takalman, su dafe jikin kwano, ƙafa ta tsaya.

Saboda haka mai neman cutar birki daga waje zai fara. A duba waya: in ta yi tsatsa a ɗiga mata mai, in silinta ya fara tsinkewa a sake ta, domin ba ta gyaruwa. Sa'an nan a ɗaure notin gyara har wasan hannun birki ya zama milimita 10 zuwa 20, na ƙafa kuwa 20 zuwa 30. In noti ya kai ƙarshe birki bai kama ba, lalle takalma sun cinye.

Daga nan sai a kwance ƙafa. Fatar takalmin da kaurinta bai kai milimita 2 ba ta gama aiki. Wadda ta yi sheƙi don zafi, a goge ta da sanfefa, tare da cikin kwano. Amma wadda ta sha mai ko giris, wanki ba ya mata magani, sai sabuwa, kuma biyun ake sakewa tare. A gyara inda man ya yoyo, in ba haka ba sabuwar ma ta ɓaci. Guntun ƙarfen nan mai juyawa a shafa masa giris kaɗan ƙwarai.

Ga wani gargaɗi babba. Tsofaffin takalma da yawa suna da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo sankarar huhu bayan shekaru. Kada a hure ta da baki ko da iska, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Wajen mayarwa, a riƙe birki a matse kafin a ɗaure notin sandar ƙafa, don takalman biyu su zauna daidai. Bayan haka a gwada a fili sannu sannu, gama sabon takalmi ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya saba da kwano.

Mahaya da yawa suna tsoron birkin gaba, alhali shi ne ke ɗauke da mafi yawan tsayuwa, domin nauyi gaba yake komawa. A gyara duka biyu, a yi aiki da su tare. Da damina kuma, wanda ya ratsa ruwa ya ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu haɗarin hanya, amin.