Hanyar Zariya zuwa Sakkwato da Garuruwan Kudancin Katsina

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce a duba hanyar motar da ta haɗa Zariya da Sakkwato, musamman gutsuren da ya ratsa kudancin ƙasar Katsina, watau wajajen Funtuwa da Faskari, da kuma rassan da suka ɓalle daga gare ta zuwa Ƙanƙara da Sabuwa.

A tsarin hanyoyin Gwamnatin Tarayya, lambar wannan hanya ita ce A126, kuma lambar kanta bayani ce ga mai lura. Hanyar A1 ta taso daga Ikko ta bi ta Ilori da Kwantagora har Sakkwato. A2 kuwa ita ce ta biyo ta Kaduna da Zariya zuwa Kano da Daura. Hanyoyin da suka gitta tsakanin waɗannan biyu sai aka fara lambarsu da 12, aka jero su daga kudu zuwa arewa, tamu ta zo ta shida. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 400.

Matafiyi in ya bar Zariya, sai Giwa, sai Funtuwa. Daga nan hanya ta shiga ƙasar Faskari ta bi ta Sheme da 'Yankara, ta tsallaka zuwa Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ta faɗa Gusau. Sauran tafiyar ta Bunguɗu ce da Maru da Talatar Mafara har birnin Shehu.

Ba za a fahimci tarihin wannan hanya ba sai an haɗa shi da na auduga. Turawan mulki sun ga ƙasar nan ta dace da noman auduga, masaƙun Ingila kuwa suna buƙatarta, don haka kamfanin BCGA, wanda aka kafa a 1902, ya gina injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari. Layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, bai kai Sakkwato ba. Saboda haka duk kayan da zai wuce Gusau zuwa yamma sai a kan mota, abin da ya ƙara wa hanyar daraja ke nan.

Wannan sauyi ya ɗaga wasu garuruwa, ya kuma rage wa wasu. Maska tsohon gari ne da ya yi suna wajen saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, amma da hanya da jirgi suka bi ta Funtuwa, sai ciniki ya koma can, har ma Sarkin Maska ya zama a Funtuwa yake zaune. Haka nan Sheme, wadda take marabar da ake ratsewa zuwa Ƙanƙara, kasuwarta ta dabbobi da hatsi ta bunƙasa albarkacin titi. Sabuwa kuwa tana can kudu maso yamma, kan iyaka da Birnin Gwari, masararta sai ta biyo ta Dandume kafin ta iso Funtuwa. A ganina, wanda yake son sanin arzikin gari a wannan yanki, to ya fara tambayar nisansa da kwalta.

Sai dai dazuzzukan da ke gefen hanyar sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Ran 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Sheme. Dokar tsaro ce, amma nauyinta ya fi sauka a kan manomi da ɗan kasuwa, domin zagaye yana cin mai, kuɗin man kuwa a kan kowane buhun masara direba yake ɗora shi.