Ƙarin Ilimi Ga Ma'aikatan Jinya: Kula da Masu Ciwo Mai Tsanani

A manyan asibitoci akwai ɗaki na musamman inda ake kwantar da waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai, kamar wanda ya yi mummunan haɗarin mota, ko mai jegon da jini ya ɓalle mata. Likita yakan duba ya wuce, amma ma'aikacin jinya ne ke tsaye dare da rana, yana lura da numfashi da bugun zuciya da hawan jini. Sakaci kaɗan a nan yana iya jawo asarar rai.

An fara irin wannan kulawa a ƙasar Denmak a 1952, sa'ad da annobar shan inna ta hana mutane da yawa numfashi, har ɗalibai suka riƙa hura musu iska da hannu. A Nijeriya kuwa, zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969 ma'aikatan jinya ya fara kashewa. Har yau Jihar Taraba tana fama da shi, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo tana karɓar masu ɗauke da shi.

Saboda haka horon farko, irin wanda ake bayarwa a Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma ta Jalingo, bai wadatar ba. Wanda ya yi rajista kuma ya taɓa aiki yana iya neman kwas na musamman, misali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A can zai koyi sarrafa na'urar taimakon numfashi, da auna magani daidai, da gane alamun haɗari tun kafin abu ya ɓaci. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda Doka mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke tantance makarantun.

Haka nan ana bukatar ilimin shugabanci, domin shugaban ɗaki shi ke raba aiki, ya tanadi iskar oksijin, ya horar da na ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da digirin jinya a 1965.

Ana kira ga hukumomin asibiti da su ba ma'aikatansu hutun ƙaro ilimi, iyaye da mazaje kuma su ba da goyon baya. Ga 'yan'uwan majiyyaci, idan aka taƙaita ziyara sai a yi haƙuri, don kare shi ne daga kamuwa da wata cutar.