Ɗigon fenti a jikin mota: Abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauko tina

Ana saura kwana huɗu Ƙaramar Sallah maƙwabcina ya kira masu fenti su wanke masa fuskar gida. Motata na ajiye a gindin katangarsa. Da na fito da yamma sai na tarar da bonet da ƙofar direba sun yi zabo, ɗigo-ɗigon fari a kan baƙar mota.

Haushi ya sa na zarce wurin wankin mota. Yaron da ya karɓe ni bai yi wata-wata ba ya jiƙa tsumma da tina ya goga. Farin ya fita nan take, amma wurin ya dusashe kamar an shafa toka. Har yau tabon na nan, kuma ba maƙwabcina ne ya yi shi ba.

Irin wannan na faruwa duk lokacin da ake gyaran gidaje da shaguna, ko aka sabunta zanen titi mota ta taka shi da ɗanyensa, ko mai fentin ƙyaure ya yi feshi iska na kaɗawa.

Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa uku ne: na share fage a kan ƙarfe, mai launi, sannan wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ba ta sheƙi yana kuma kare ta daga rana. Wannan na saman bai kai kaurin silin gashi ba. Idan ya tafi, babu man da zai dawo da shi, sai dai a sake fesawa.

A nan asarar take. Duk wanda ya taɓa cinikin mota ya san dillalai na fara tambayar ko fentin kamfani ne a jikinta. Da zarar mai saye ya lura an sake fentin ƙofa ɗaya, sai ya fara zargin ta taɓa yin haɗari, farashi ya sauka. Ɗigon da sabulu zai iya cirewa ya jawo maka ragin da ba ka shirya masa ba.

Abu na farko shi ne ka san wane irin fenti ne. Na bango, wanda ake damawa da ruwa, shi ya fi sauƙi. Yana bushewa cikin awa ɗaya zuwa biyu, amma yakan ɗauki makonni kafin ya ƙanƙare sosai. Na mai, wanda ake shafa wa ƙyaure da tagogi, ya fi naci. Na titi ya fi su duka taurin kai, domin don ya jure tayar mota aka yi shi.

Kowanne ne, a kai motar inuwa a bari bodin ya huce, sannan a wanke ta tas. Ƙurar da ke kwance a jiki, musamman ta hunturu, ita ke zama yashi a ƙarƙashin tsumma ta karce fenti.

Ga fentin ruwa, a jiƙa tawul da ruwan ɗumi da sabulu a shimfiɗa a wurin na 'yan mintuna. Zai yi laushi, sai a ɗaga shi da farce ko gefen tsohon katin ATM. Wanda ya ƙi, a ɗan taɓa shi da sifirit a auduga.

Fentin mai kuwa kananzir kaɗan a tsumma mai laushi na sassauta shi. A ɗiga a kan ɗigon kawai, a jira, a goge a hankali, a wanke da sabulu nan take. Amma a fara gwadawa a lungun da ba a gani, kamar cikin bakin ƙofa. Idan launin motar ya fito a tsumman, a tsaya. Motar da aka sake wa fenti a gareji, musamman cikin watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ba ta da juriyar fentin kamfani.

Idan feshi ne, wanda ba ka gani sosai sai ka shafa hannu ka ji kaushi, akwai wani abu kamar danƙo da ake sayarwa a wasu shagunan kayan mota. Ana jiƙa bodin da ruwan sabulu a riƙa zame shi a kai, yana tsince ƙwayoyin fentin. Bayan nan a shafa folish.

Tina, man goge farce, soson ƙarfe da man birki kada su kusanci bodi. Man birki cinye fenti yake yi, tina kuma na ƙona robar fitilun gaba ta bar su da hazo. Reza a gilashi kawai take da amfani, shi ma a jiƙe, a kwance, kuma ta waje, don ledar tinti a ciki take.

Idan fentin ya yi yawa ko ya kwana biyu a rana, gara a kai wa masu fentin mota, akwai injin gogewa a wurinsu. Kafin nan ka ɗauki hoto da wayarka a inda abin ya faru. Ni ban ɗauka ba. Da na koma wurin maƙwabcina da maganar, ɗigon fentinsa ya riga ya fita, tabon tina kaɗai ya rage, sai muka gaisa na yi masa barka da shan ruwa.